Ɗigon jan ƙarfen da ke ɗinke ciwon wake

Jama'a, ku dubi wannan tsiron wake daga wata gona a bakin Gulbin Maraɗi. Kwanan baya fara ta gatsa masa kara. Yau bakin ciwon ya bushe, ya yi tauri, alhali ba wanda ya sa masa magani. To, wa ya yi wannan aiki?

Cikin masu aikin akwai wani enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai a jikin mai rai. Masana na ce masa amin oksides mai jan ƙarfe. An fi samunsa da yawa a jikin sababbin tsirrai na dangin wake, a bangon ƙwayoyin halittarsu.

Ƙirarsa tagwaye ce, ɓari biyu iri ɗaya manne da juna. A can cikin kowane ɓari akwai ƙwayar zarra ɗaya tak ta jan ƙarfe, hannuwa uku na sinadarin histidin suna riƙe da ita, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Kusa da ita kuma akwai makamin aikin, sunansa TPQ.

Nan ne abin ya fi burge ni. Da yawa daga cikin enzayim sai an kawo musu kayan aiki daga waje, galibi daga bitamin. Shi wannan maƙerin kansa ne. Yana ɗaukar wani yanki na jikinsa, tayirosin, ya haɗa shi da jan ƙarfen da iskar oksijin, ya ƙera TPQ da kansa. An daɗe ana gardama a kan ko mene ne wannan makami, sai a 1990 Judith Klinman da abokan aikinta a Amurka suka warware zancen. TPQ ɗin ne ma yake sa enzayim ɗin ya yi launin ruwan hoda idan an tace shi.

Abincinsa fa? Futiresin da kadaberin, sinadaran da ke cikin warin mushe. Kada ku yamutsa fuska, shuka ma tana yin su don amfanin kanta. Enzayim ɗin zai kama futiresin, ya haɗa da oksijin da ruwa, sai abu uku su fito: aldehayid, amoniya, da haidirojin feroksayid.

Na ukun nan kun san shi. Shi ne ruwan nan da ake zubawa a kan ciwo a likita ya yi ta kumfa. Shuka tana yin nata a daidai inda aka ji mata rauni. Yana taimakawa wajen yaƙar ƙwayoyin cuta, sannan wasu enzayim ɗin su yi amfani da shi su gina lignin, abin da ke ƙarfafa itace. Taurin da kuka gani a bakin ciwon ke nan.

A tsiron taba, wani ɗan'uwan wannan enzayim yana cikin masu haɗa nikotin.

Mu da muke noma a bakin Sahara, ga wanda ya fi shafarmu. Ganye yana da ƙananan ƙofofi da yake numfashi da su, ta nan kuma ruwa ke tsere masa. Idan ruwan sama ya ɗauke a tsakiyar damina, shuka takan saki sinadarin gargaɗi mai suna ABA. Bincike a kan wani nau'in wake da ake kira faba ya nuna cewa wannan enzayim yana cikin masu amsa kiran: ya samar da feroksayid, ƙofofin su rufe, ɗan ruwan da ya rage ya zauna a jikin ganyen har hadari ya sake haɗowa.