Yadda ake bitar sanarwar sabuwar jagorar manhaja tare

Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau za mu duba wani aiki da masu rubuta manhaja suka cika rainawa, wato bitar sanarwa kafin a sake ta ga jama'a.

Mu ɗauka wasu ɗalibai a Katsina, wasunsu daga Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, wasu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, sun haɗa wata manhaja ta lissafin shago. Sun gyara jagorar amfani da ita, sun saka akwatin bincike, sun ƙara misalai, sun fassara wasu shafuka zuwa Hausa. Saura a gaya wa masu amfani. Ɗayansu ya zauna ya rubuta sanarwar.

[A allo: shafin aikin a GitHub]

Ba a WhatsApp zai jefa ta kowa ya ce "ta yi" ba. Zai rubuta ta da Markdown, salon rubutu mai sauƙi da John Gruber ya fitar a 2004, ya ajiye ta a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara, kamar yadda yake ajiye kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, sannan ya buɗe buƙatar haɗa gyara, wadda 'yan harkar ke kira PR. Amfanin hakan shi ne kowane layi yana da lambarsa, kuma mai bita zai iya yin magana a kan layin da ya dame shi kai tsaye. Tun 2018 GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan ayyuka, ya ba da damar mai bita ya rubuta jimlar da yake ganin ta fi, marubuci ya latsa sau ɗaya ta shiga.

Yawancin masu bita a kan rubutu suke tsayawa: nan an manta waƙafi, nan an rubuta "k" maimakon "ƙ". Wannan yana da kyau, amma a bar shi ƙarshe. Abin da ya fi komai shi ne a gwada duk abin da sanarwar ta yi iƙirari. Gani ya kori ji. Idan ta ce akwatin bincike yana samo kowane shafi, buɗe jagorar ka rubuta "ƙididdiga", sannan ka sake rubutawa da "k" mara lanƙwasa, don haka yawancin mutanenmu ke bugawa a waya. In na biyun bai kawo komai ba, ko dai a gyara binciken, ko a rage cika bakin da ke cikin jimlar. Idan ta kawo misalin kod, kwafe shi, ka kunna shi a kwamfutarka, ba a ta wanda ya rubuta ba.

Masu Rust, wani yaren rubuta manhaja, sun ɗauki wannan da muhimmanci har suka saka shi cikin kayan aikinsu. Misalan da ke cikin bayanin kod, umarnin cargo test yana gwada su, duk wanda ya lalace gwajin ya faɗi. A Nuwamba 2020, da sigar Rust ta 1.48, rustdoc, kayan aikin da ke haɗa shafukan bayanin kod, ya samu damar ka rubuta sunan wani abu na cikin kod kawai, shi ya haɗa maka mahaɗin zuwa shafinsa. Ku lura da lambar nan, 1.48. Sanarwar da ba ta faɗi sigar da sabon abu ya fara aiki ba, wahala kawai za ta jawo wa mai tsohuwar siga, ya yini yana zargin kansa.

[A allo: sharhi a gefen layi]

A ganina, mai bitar da ya fi amfani shi ne wanda bai sa hannu a aikin ba. Ku ba wata 'yar aji ɗaya, ko abokinku da ke Daura wanda da waya kaɗai zai buɗe, da data ƙalilan. Shi zai gaya muku hoton da kuka saka ya ƙi buɗewa. Ita kuma za ta rubuta: "Yaya, a sakin layi na biyu ka ce a sabunta, amma ba ka faɗi yadda ake yi ba." Wanda ya gina abin ba zai taɓa ganin wannan giɓin ba, domin amsar tana kansa.

Sharhi kuma ya zama mai nuna hanya. "Bai yi ba" ba ya taimakon kowa. Faɗi layin, faɗi dalili, ka kawo madadin, ka kuma bambanta gyaran dole da na son rai, kada a riƙe sanarwa mako guda kan zaɓin kalma.

Tun farko a tsayar da mutum ɗaya mai yanke hukunci da ranar rufe bita. In an cika gyare-gyaren dole, ya amince, a haɗa, sannan a sake latsa kowane mahaɗi a ainihin shafin da jama'a za su gani. A bidiyo na gaba za mu buɗe PR ɗin tare, mataki-mataki.