Karanta hotunan ficewar Turawan Ingila daga Tulon, 1793

Jama'a, mu ɗauki misali guda na yadda ake karanta tsofaffin zane-zanen da aka buga a maɗaba'a, mu zauna a kai. A watan Agusta na 1793, ana tsakiyar juyin juya halin Faransa, masu goyon bayan sarauta a birnin Tulon suka miƙa tashar jiragen ruwansu ga sojojin Ingila da Sipaniya ƙarƙashin Admiral Hud. Dakarun jamhuriya suka yi wa garin ƙawanya, cikinsu har da wani matashin hafsan igwa, Napoliyon. Daren 18 ga Disamba baƙin suka fice, bayan sun banka wa ma'ajiyar makamai da jiragen Faransa wuta, suka kwashe dubban mutanen gari.

Dare ɗaya ne, amma maɗaba'un Landan da na Paris kowace ta ba da nata labarin. A hotunan Ingila, gobarar ce ke cika takarda, ga ƙananan kwale-kwale na ceton mata da yara. A na Faransa kuwa, sojojin jamhuriya ne a gaba, jiragen abokan gaba can nesa suna gudu. Don haka kafin ka kalli hoton, karanta rubutun ƙasansa. Dokar Ingila ta 1735 ta wajabta sa ranar bugu, kuma Faransawan lokacin da kalandar juyin juya hali suke rubutu, wadda a cikinta wannan lamari ya faɗa a shekara ta 2.

Sai ka duba yadda aka buga shi. A wancan zamani farantin jan ƙarfe ake sassaƙawa, ko a bar asid ya ci shi, a cusa tawada cikin layukan, a matse shi kan takarda mai danshi. Matsin yakan bar shatin farantin a kewaye. Shafa da yatsa, za ka ji ramin. In babu shati, kuma zanen ya yi kama da na alli, mai yiwuwa bugun dutse ne, wato zanen da aka yi kan dutse aka buga, wanda sai 1796 aka ƙirƙiro shi. In haka ne, ba na lokacin ba ne ke nan.

Jan ƙarfe yana da taushi, bayan ɗaruruwan bugu siraran layuka sukan shafe, hayaƙin gobarar ya koma fari-fari. Wani kuskuren kuma, mai kwafi yakan zana hoton kan faranti yadda ya gan shi, sai bugun ya fito a juye, tashar ta koma ɗaya gefen, sojoji na riƙe da takobi da hannun hagu.

Wajen ajiya, danshi ke kawo jajayen ɗigo, rana kuma ke cinye launin da aka shafa da hannu. A ajiye shi a kwance, danshin ɗakin kusa da kashi 50 cikin ɗari.