Daga Birisben: Ba Kowane Baƙin Tabo Ake Shafa wa Mai Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Birisben nake magana da ku, a jihar Kwinsland ta Ostireliya, tasowata daga aikin dare ke nan. Ku yi haƙuri da ƙarar motoci. Disamba muke ciki, ku can hunturu ya kankama, mu nan tsakiyar zafi ne, tun ƙarfe takwas na safe rana ta fara cizo. Bari in juya kyamara. Kun hango 'yan makarantar can, kowa da malafa a ka? A makarantun firamare na nan, yaron da bai zo da hula ba, a inuwa zai zauna har a tashi daga wasa. Tun 1981 ake yi wa mutanen ƙasar nan gangamin su sa riga, su shafa man kariya, su ɗora hula, don su da Niyu Zilan ne kan gaba a duniya wajen kansar fata. Cikin mutum uku, kusan biyu sai an gano musu wani nau'inta kafin su kai shekara 70.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, saƙonninku ne. "Anti, wane mai zan shafa tabon nan ya fita?" To ni aikina kula da tsofaffi ne a gidan da ake ajiye su, ba likita ba ce, amma kullum hannuwan dattawa da goshinsu nake kallo. Kafin a tambayi mai, sai an san wane irin tabo ne, don ba ɗaya suke ba.

Akwai ɗigo-ɗigon tsufa, masu launin ƙasa-ƙasa, a shafe suke da fata, a bayan hannu da fuska da kafaɗa. Ranar da mutum ya sha shekara da shekaru ce ta sa melanin, sinadarin da ke ba fata launi, ya taru wuri ɗaya. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ba illa. Wannan ba sai mun daɗe a kansa ba.

Sai keratosis, wato kaurin da saman fata ke yi a wuri ɗaya, kuma shi ma iri-iri ne. Wani kan fito a baya ko ƙirji bayan an haura shekara 40, tudu ne mai maiƙo-maiƙo, sai ka ce manna shi aka yi a kan fata. Tsofaffinmu da yawa suna da shi, ba ya zama kansa, sai dai ya riƙa maƙalewa a riga. Mu baƙar fata muna da namu samfurin. Bari in matso. Kun ga waɗannan 'yan ƙananan baƙaƙen a gefen idona, da wasu a wuya? Mahaifiyata na da su, yayarta ma haka. Gado ne. Ba tusar jaki ba ce, ba a ɗauka, kuma babu man da ke cire su. Don Allah masu ɗaure su da zare ko ɗiga musu sinadari mai ƙuna, ku bari. Likitan fata yana ƙone su da ɗan tsinken lantarki cikin mintuna. Idan kuma aka ce za a daskare muku su, ku tambaya da kyau, don a fatarmu sanyin nan yakan bar farin tabo wanda ya fi na da fitowa fili.

Wanda ake tsoro shi ne keratosis ɗin rana. Akwai wani dattijo a wurin aikinmu, tsohon manomin rake ne. In na riƙe hannunsa zan taimaka masa ya miƙe, tun kafin in ga wurin yatsana yake jin kaushinsa: ɗan fili mai ɓawo, ja-ja, ya ɓare ya dawo, ya ɓare ya dawo. Akwai a kunnensa, akwai a sanƙonsa. Likita kan zo da 'yar tukunyar ruwan naitirojin, sanyinsa digiri 196 ƙasa da sifili, ya fesa na 'yan daƙiƙu, wurin ya yi fari fat, daga baya ya tashi ya bushe ya faɗi. In sun yi yawa, sai a rubuta man fluorouracil a shafa na makonni, fatar ta yi ja ta saɓule kafin ta warke. Ana wannan wahalar ne saboda kaɗan daga cikinsu kan rikiɗe su zama kansa, kuma ba a gane wanne ne da ido.

Za ku ce ai wannan ciwon Turawa ne. Galibi haka ne, amma ina 'yan uwanmu zabiya? Su tun suna samari abin ke fito musu, ga ranar Sakkwato da Maiduguri da Damagaram. In kuna da yaro zabiya a gida, riga mai dogon hannu da malafa da man kariya ba gayu ba ne, kuma duk gyambon da ya ƙi warkewa a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Baƙin wuya. Yarinya ko magidanci wuya ya yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri da laushi, haka hammata da matsematsi, sai a ce ƙazanta ce, a sa soso a yi ta dirza har wurin ya yi ciwo. Sau da yawa ba dauɗa ba ce. Alama ce jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, hanyar ciwon suga ke nan, musamman in akwai ƙiba. Gwajin jini ake yi, ba sabulu ake canzawa ba. In nauyi ya ragu, suga ya daidaita, wuyan yakan washe.

Mata masu ciki ko masu shan ƙwayar tazarar haihuwa kuma, kumatu da goshi kan yi duhu. Sai tabon da kuraje ke bari, wanda matsa su ke ƙara wa baƙi. A nan ne mai ke aiki: azelaic acid, niacinamide, ko tretinoin da likita zai rubuta, amma shi tretinoin mai ciki ba ta taɓa shi. Kuma a yi haƙuri, aikin watanni ne.

Man haɗi da ake sayarwa a kwalba ba suna, wanda ake ce miki kwana bakwai kin yi fes, yawanci haidirokwinon ne da sitiroyid mai ƙarfi irin clobetasol, wani har da sinadarin makuri mai lalata ƙoda. Farko a yi haske, a sha yabo. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa ta yi faɗi, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. In aka daɗe ana shafa haidirokwinon, kumatu kan yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ko likitoci ke shan wuyar gyarawa. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001.

Ga abin da nake shafawa kafin in fito, ku gani: man kariya daga rana mai lamba 50, lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa, mai ɗan launi, don farin yakan bar mu da fuska toka-toka. Lamba 30 ma ta wadatar, a dai sake shafawa bayan awa biyu in ana cikin rana.

Ku riƙa duba tafin ƙafa da tafin hannu da ƙarƙashin farce, don a nan kansar fata mai tsanani ta fi ɓuya a jikin baƙar fata. Tawadar Allah ko wani tabo da ya fara girma, ya canza launi, gefensa ya karkace ko yake zubar da jini, wannan na likita ne a makon nan.

Ga motata ta iso, sai mun haɗu a bidiyo na gaba.