Albam na farko, da mutumin da ya biya kuɗin firintin

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun satin da ya wuce guruf ɗinmu na WhatsApp bai huta ba saboda na ce duk ƙungiyar rock albam ɗinta na farko ya fi sauran daɗi, har wani ya ce wai tsufa ne ya kama ni.

Hafsat: Ni ce wanin, kuma ban janye ba Yaya Nura.

Nura: To saboda ke na zauna daren Asabar na saka Hybrid Theory na Linkin Park daga farko har ƙarshe ban tsallake ko ɗaya ba, rabona da haka ya fi shekara 15. A 2000 ya fito amma ni sai ina aji huɗu na sakandare ya zo hannuna, yayan abokina ne ya dawo da shi daga jami'a, na bogi ma, da maka aka rubuta sunan a jikin faifan. Waƙa 12 ce, duka bai kai minti 40 ba, ni kuwa a ƙwaƙwalwata gani nake ya fi awa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, lokacin can ihun mawaƙinsu Chester Bennington kawai muke ji muna kaɗa kai, Turancin ma ba kamawa muke ba, yanzu da na san yadda ya mutu a 2017 na kuma fahimci abin da yake faɗa, wallahi sai da na tsayar da shi na tashi na sha ruwa. Ashe mutumin nan kuka yake mu muna rawa.

Sadiq: Ni Bleach na koma wa, na Nirvana, 1989. Kun san nawa aka kashe a situdiyo? Dala 606 da 'yan kai.

Hafsat: Kuma ana jin hakan a sautin ai, kamar a gareji aka ɗauka.

Nura: Ai daɗin ke nan! Tsaya Sadiq, ka bar inda ya fi daɗi. Kuɗin nan ba jagoransu Kurt Cobain ne ya biya ba, wani Jason Everman ne, sai aka saka sunansa da hotonsa a bangon albam a matsayin mai gita alhali ko tsirkiya ɗaya bai taɓa ba a cikin faifan.

Hafsat: Hahaha aikin guruf na jami'a ke nan! Wanda bai zo ko zama ɗaya ba, ranar miƙawa sai ya ɓullo ya ce ni zan biya firintin.

Sadiq: Da bayindin.

Nura: Da bayindin! Kuma sunansa ne na biyu a shafin farko.

Hafsat: A namu guruf ɗin akwai wanda aikinsa tsire ne kawai, mu yi ta rubutu shi ya kawo tsire da lemo, kuma A ya ci.

Sadiq: Gaskiya wannan ya cancanta. Na ƙuli ne ko kilishi?

Nura: Sadiq don Allah. Shi dai Everman daga baya ya ɗan taɓa zama a ƙungiyar Soundgarden, can ma bai daɗe ba, ƙarshe sojan Amurka ya shiga. Ka ga mai biyan firintin ya zama soja.

Hafsat: To amma ku faɗi gaskiya, Bleach ya kai Nevermind, albam ɗin Nirvana na biyu? Mai gangarsu Dave Grohl ma bai shigo ba tukuna. Haka Radiohead, wa zai ajiye OK Computer ya ɗauki na farkonsu, Pablo Honey na 1993? Ku ba albam ɗin kuke kewa ba, lokacin da ba ku biyan kuɗin haya kuke kewa.

Nura: Akwai wannan, ban musa ba, amma ni yunwa nake ji a faifan farko, ba kuɗi ba lokaci, abin da suka saba bugawa a ƙananan kulob shi suke zubawa. Black Sabbath a yini ɗaya suka ɗauki nasu, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, kuma mai gitarsu Tony Iommi ya riga ya rasa kan yatsu biyu a masana'anta a Birmingham, da 'yan huluna na roba a yatsun yake bugawa. Beatles ma waƙa goma na albam ɗinsu na farko suka ɗauka rana ɗaya a 1963, mawaƙinsu John Lennon yana fama da mura, ki saurari waƙar ƙarshe za ki ji maƙogwaron ya kusa tsagewa.

Hafsat: To ga wanda zai rusa maka lissafi, Mdou Moctar na Nijar. Yanzu Turawa na ta yaba gitarsa, amma Anar, na farkonsa, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, otocun ne fal, wato gyaran murya da kwamfuta, irin na waƙoƙin finafinanmu, ba ruwansa da rugugin da ya zo yi a Afrique Victime a 2021. Ta memori da Bluetooth ya yaɗu daga waya zuwa waya.

Sadiq: Kai Bluetooth! Ka jera wayoyi biyu kamar masu zance, ya kai 98 sai mai wayar ya ce ana kiransa a gida.

Nura: Kar ka tono min wannan. Mun ce fa kowa zai zaɓi albam ɗaya a ƙarshe, Hafsat?

Hafsat: An kira magariba Yaya, kuma cajin kwamfutar saura 4.

Nura: To a guruf ma ƙarasa. Sadiq kashe.