Garin da mutane ke tafiya a hawa na biyu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Amurka za mu leƙa, jihar Minesota da ke iyaka da Kanada, birnin Miniyapolis. Garin nan sanyinsa ba na wasa ba ne. A watan Janairu da daddare ma'auni kan sauka digiri 13 ƙasa da sifili, wannan fa ranar lafiya kenan, don a ƙarshen Janairun 2019 sai da ya kai 33 ƙasa da sifili, mu da in hunturu ya ɗan taɓa a Kano kowa ya toshe kunne ya nemi kaskon wuta. Ga ƙanƙara tana zuba sama da mita ɗaya a shekara.

To ku dubi hoton nan da kyau. Tsakiyar gari ne, sha biyun rana, ranar aiki, amma titi fayau, sai motoci da 'yan tsirarun masu jiran bas. Ina mutanen? Ku ɗaga kai. Kun ga wannan dogon akwatin gilashin da ya tsallaka titi daga bene zuwa bene? Suna ciki. Gadojin sama ne, sunansu Skyway, an jona su gini da gini a hawa na biyu har tsawonsu ya kai kusan kilomita 15, sun haɗe layukan gine-gine 80. Mutum sai ya ajiye mota a gareji, ya wuce ofis, ya fito ya ci abinci, ya yi aski, ya shiga banki, ya ga likitan haƙori, ya koma mota, duk da 'yar shat ɗinsa, iskar waje ko taɓa shi ba ta yi ba.

Da yawa sun ɗauka sanyi ne kawai ya sa aka gina su. A'a, tsoron rasa ciniki ne a gaba. A 1956 aka buɗe wata katafariyar kasuwar zamani mai suna Southdale a Edina, bayan gari kaɗan, Victor Gruen ne ya zana ta, rufaffiya ruf, da ɗumi lokacin sanyi da sanyi lokacin zafi, ga filin fakin kyauta. Dama a shekarun nan masu hali suna ta ƙaura zuwa sababbin unguwannin gefen gari, har kamfanin General Mills ya kwashe hedikwatarsa ya koma Golden Valley. Masu gine-gine a tsakiyar gari suka ga in ba su yi da gaske ba kasuwarsu za ta watse. Sai wani dillalin gine-gine, Leslie Park, da mai zanen gini Edward Baker suka kawo dabara: mu ma mu rufe namu. A 1962 aka buɗe gada ta farko daga ginin Northstar Center zuwa bankin da ke tsallaken titi. Da aka gama dogon benen IDS Center a farkon shekarun 1970, mai babban falon gilashi a tsakiya da gada ta kowace kusurwa, shi kenan, ya zama mahaɗa, duk mai sabon gini sai ya nemi a jona shi don kar 'yan haya su guje shi.

Kuma gaskiya ta yi aiki, ofisoshi sun zauna. Amma ga inda gizo ke saƙar.

Gadojin nan a Miniyapolis ba na gwamnati ba ne, na masu benayen ne. Kowa da ƙofarsa, kowa da maigadinsa, kowa da lokacin rufewarsa. Ka tashi aiki ka ɗan yi dare, ka bi hanyar da ka biyo da safe, ka wuce gini uku lafiya lau, na huɗu ka tarar an datse ƙofa, dole ka sauko ka fita titi cikin sanyin da ba ka yi masa shiri ba. Baƙo kuwa ko hanyar hawa ba zai gani ba, domin yawancinsu babu matakala daga titi, sai ka shiga falon wani banki ko otal, ka wuce gaban teburin maigadi yana ƙare maka kallo, ka hau matakalar lantarki, sannan ka fara lalube, a wani ginin hanyar miƙaƙƙiya ce, a wani kuma sai ta lanƙwasa ta bi ta cikin kanti. Kuma tunda wurin na mutum ne, in bai so zamanka ba sai ya sa a ce ka tashi. Sai garin ya rabu biyu ba tare da kowa ya kafa doka ba: masu ofis a sama cikin ɗumi, masu jiran bas da marasa matsuguni a ƙasa. Maƙwabciyarsu, birnin Sent Pol, ta ɗan fi su a nan, nata gadojin na hukumar gari ne, lokacin buɗewa da rufewa a tsare yake.

Sai kuma abin da ya sami titi. Mai shago ai inda ƙafa take yake bi. Mai kofi, mai burodi, mai gyaran takalmi duk suka haye sama, hawan ƙasa ya koma bango da ƙofar gareji da gilashi mai duhu. Babban titin garin, Nicollet Mall, tun 1967 aka hana ƙananan motoci bin sa don masu ƙafa su sake, aka sake kashe masa dala miliyan 50 aka buɗe a 2017, an shuka itatuwa an sa kujeru, a shekarar kuma babban kantin Macy's da ke kansa ya rufe. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin zafi. Garin nan yana da watanni masu daɗin gaske, rana ta fito, iska tana kaɗawa, amma jama'a na nan sama suna zirga-zirga cikin gilashi, don abincin ranar a can yake kuma ƙafa ta saba.

Da korona ta zo a 2020 aka ce kowa ya yi aiki daga gida, asiri ya tonu. Shagunan sama dama abincin rana suke sayarwa, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe biyu ko uku an fara goge tebur. Babu ma'aikata, babu ciniki. Target, babban kamfanin kantuna wanda hedikwatarsa ke tsakiyar garin, ya saki babban ɓangaren ofisoshinsa na ginin City Center a 2021. Shagunan da ke kan titi ko banza mai wucewa zai gan su, na hawa na biyu kuwa wa zai san da su in ba mai katin shiga ofis ba?

Yanzu ku biyo ni arewa kaɗan, unguwar North Loop, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa. Tsofaffin sito-sito ne na jan bulo aka mai da su gidaje, ƙasa kuma gidajen abinci da shaguna, ƙofa na kallon titi. Gadojin sama kusan babu. Sanyin ɗaya ne, amma da yamma za ka ga mutane sun dunƙule cikin manyan riguna suna shiga nan suna fita can, wasu da karnukansu, saboda a nan suke kwana. A ganina wannan shi ne asalin ciwon tsakiyar Miniyapolis, an gina ta don wanda zai zo da safe ya tafi da yamma, gadojin kuma suka ƙara ɗaure wa hakan gindi.

Ba wai ina cewa a rushe su ba fa, kodayake Sinsinati, wani birnin Amurka, ta cire wasu nata. Ku tuna da mai keken guragu, da tsohuwa mai sanda, da uwa mai tura keken jariri. A Miniyapolis mai gini ne ke share ƙanƙarar gefen titinsa, an ba gidajen zama awa 24, manyan gine-gine da shaguna awa 4 na rana, amma ko an share, motar turar ƙanƙara in ta wuce sai ta tara tudu daidai bakin mashigar titi, ya daskare ya zama dutse. Ga waɗannan bayin Allah gadar nan rahama ce.

Edmonton a Kanada, da ta fi su kusa da ƙuryar arewa, ta gwada wata hanyar. A 2012 ta fito da tsarin WinterCity na sa gari ya yi daɗin zama lokacin sanyi, a 2016 ta biyo da ƙa'idojin gini na sanyi, kuma abubuwan ba masu wuya ba ne. Dogon bene in iska ta buge shi gangarowa take ta zubo kan masu tafiya, to a ja saman benen baya kaɗan don ƙasan ya tare ta. A shuka itatuwan da ba sa zubar da ganye ta ɓangaren da iska ke zuwa. A sa kujeru da dandali su fuskanci kudu, don lokacin sanyi rana ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, kar a bari inuwar wani bene ta cinye ta. A sa fitilu da fenti masu haske, tunda a Disamba kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa. Su ma suna da nasu hanyoyin cikin gini, ba su toshe su ba, titin dai suka koma gyarawa.

Miniyapolis ma ta fara juyawa. Tana ƙarfafa masu benayen da ofisoshinsu suka zama kango su mai da su gidajen haya, kuma ɗaya daga cikin benayen Northstar Center ɗin nan, inda aka fara gadar 1962, yanzu mutane ne ke kwana a ciki. Bidiyo na gaba birnin Montiriyal na Kanada za mu je, su ƙarƙashin ƙasa suka haƙa nasu. Sai mun haɗu.