Yaushe ne magana take zama tufka da warwara?

A 'yan kwanakin nan ana yawan yanko bidiyo biyu na mutum ɗaya, tsoho da sabo, a jera su gefe da gefe, sannan a rubuta a ƙasa cewa ya yi tufka da warwara. Furucin ya samo asali ne daga masu tufkar igiya, inda mutum zai murɗa rama ya tufka, sannan ya dawo ya warware aikin hannunsa. Malaman zaure kuwa da Larabci suke kiransa tanaƙudi, kuma Shehu Abdurrahman al-Ahdari, mai littafin Ahalari da almajirai suka sani, ya keɓe masa fasali guda a waƙarsa ta mandiƙi, wato ilimin auna hujja da tunani, mai suna Sullam, a ƙarni na 16.

Inda jama'a suke kuskure shi ne zaton duk maganganu biyu da suka sha bamban sun ci karo da juna. Ku dubi gadar da ke kan Kogin Rima a Sakkwato. Wanda ya tsaya a nan cikin watan Agusta ya ce kogi ya cika ya batse, sannan ya dawo cikin Maris ya ce kogi bai cika ba, har yara suna ratsa wasu wurare da ƙafa, bai warware komai ba, domin lokacin maganar farko daban, na ta biyu daban. Haka kuma direban da ya ce Wamakko kusa take, da dattijon da zai taka a ƙasa ya ce da nisa, kowannensu gaskiya ya faɗa gwargwadon halinsa. Sai batun ya zama ɗaya, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, fuskar da ake kallo ɗaya, sannan a tabbatar da abu a kuma kore shi, a nan ne dole ɗaya ta zama gaskiya ɗaya ƙarya.

Misali, shaida ya tsaya gaban alƙali ya ce da azahar ɗin ranar Juma'a yana Kasuwar Daji ya ga abin da ya faru da idonsa, daga baya kuma ya ce ranar ko ƙofar gidansu a Gwadabawa bai fita ba. Babu wani tawili da zai haɗa waɗannan biyu, kuma alƙali yana da hujjar yin watsi da shaidarsa.

Sauya ra'ayi wani abu ne daban, kuma a ganina rashin adalci ne a haɗa shi da wannan. Imamu Shafi'i yana da tsofaffin fatawoyi na zamansa a Iraƙi da sababbi na bayan komawarsa Masar, malamai kuma sun rubuta duka biyun suna bambance su da sunan tsohuwar magana da sabuwa. Saboda haka, kafin ku tura irin wannan bidiyo, ku nemi ranar da aka ɗauki kowanne, ku kuma saurari abin da aka tambayi mutumin kafin ya ba da amsa.