Leon Kossoff, mai zanen da bai gaji da Landan ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan Leon Kossoff ne, mai zanen Birtaniya da aka haifa a Landan a 1926, ya rasu a 2019 yana da shekara 92.

Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga daular Rasha, mahaifinsa kuwa gidan burodi yake da shi a unguwar Shoreditch, gabashin birnin. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 aka kwashe yara daga Landan, shi aka kai shi King's Lynn. Ya dawo ya tarar bama-bamai sun mayar da unguwanni kangaye. Nan ya fara aiki, yana zana ramukan da magina ke haƙa a kewayen majami'ar St Paul, da ƙarafa da taɓo da leburori.

Wanda ke neman fadar sarauta ko Landan ta 'yan yawon buɗe ido, ba zai same ta wajen Kossoff ba. Abin da ya zana shi ne layukan dogo a Willesden Junction, da mutane suna tururuwa a tashar jirgin ƙasa ta Kilburn, da wurin ninkaya na unguwa inda yake kai ɗansa, ruwa cike da yara kamar ka ji hayaniyarsu. A ganina, nan darajarsa take: wuraren da kowa ke wucewa da sauri, shi ya tsaya musu shekara da shekaru.

Yadda yake aikin ma abin dubawa ne. A kan katako yake lafta fenti, da kauri, har ya yi tudu da kwari. In bai gamsu ba sai ya kankare duka ya sake, haka zai yi ta yi wata da watanni. Wanda ya matsa kusa, zaren fenti zai gani ya ɗiga ko'ina. Sai ya ja da baya fuska ta fito.

Fuskokin kuma na gida ne: mahaifinsa da mahaifiyarsa a zaune, tsufa ya sauko musu, da ɗan'uwansa Chaim, da matarsa Rosalind. Bai ƙawata kowa ba, kuma ba za ka ga raini a ciki ba.

Daga shekarun 1980 ya koma wa majami'ar Christ Church da ke Spitalfields, kusa da inda ya tashi. A zanensa ginin kamar zai rufto wa masu wucewa, su kuma kowa na sha'anin gabansa. Ya wakilci Birtaniya a baje kolin zane-zane na Venice a 1995, gidan adana zane-zane na Tate da ke Landan kuma ya tattara ayyukansa ya baje su a 1996. Wasu sun ce launukansa sun cika duhu. Ni dai ina ganin ba su tsaya gaban zanen wurin ninkayar nan ba, inda haske ya cika ɗakin har rufi.